Tsohuwar Hilux mai 3L ko mai D-4D? Amsa ga direban hanyar Tanut

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a abin da ka tara.

Ka ce kana jigilar kaya da mutane tsakanin Damagaram da Tanut, wani sa'in kuma ka zarce har Agadas. An nuna maka Hilux biyu, tsohuwa mai injin gazuwal, wato dizal, 3L da wata ta bayanta mai D-4D. Dattawan tasha suna ce maka ka kama tsohuwar, wai tsohon inji ba ya mutuwa kuma ba ya shan mai, kai kuma kana son ka ji ko haka ne.

Rabin maganarsu gaskiya ce. Na haura shekara talatin ina kwance injuna ina ɗaurawa a garin nan, tun ina aparanti ana sa ni wanke supap, wato bawul ɗin inji, da kananzir. Abin da idona ya gani shi ne, tsohon inji ya fi haƙuri kuma ya fi gyaruwa a hannunmu, amma wajen mai sabon ya fi shi tattali in duka biyun lafiyarsu lau. Duk wanda ya ce maka 3L ta fi D-4D rainon mai, ko dai bai taɓa aunawa ba, ko kuma D-4D ɗin da ya sani mai ciwo ce.

Dalilin yana cikin ƙirar injin. Su 2L da 3L da 5L na Hilux da Hiace, da 1HZ na Land Cruiser, da injin gazuwal na Peugeot 504, da na Marsandi 200D da 240D, duk ba sa fesa mai kai tsaye a kan fistan. Akwai wani ɗan ɗaki a cikin kulas, wato kan inji, a nan injekta ke fesawa, wuta ta kama a can sannan ta fito ta ɗan rami ta tura fistan. Wannan ɗakin yana sa inji ya yi aiki a natse ba tare da famfo mai matsi sosai ba, amma wani kaso na zafin yana tsiyayewa ta bangon ɗakin ya tafi cikin ruwan radiyato, kuma zafin nan kuɗinka ne. D-4D kuwa kai tsaye take fesawa, da matsin da ya haura bar 1,300, alhali injektar 3L tana buɗewa ne a wajen bar 150. Man ya kan fita kamar hazo, kwamfuta ce ke ƙayyade yawansa da lokacinsa, ga turbo yana ƙara iska. Don haka a kan kwalta da kaya daidai gwargwado, abin da na saba gani shi ne 3L mai lafiya ta sha lita 10 zuwa 11 a kilomita 100, D-4D mai 2.5 kuma 8 zuwa 9.

Haka labarin yake a motocin isansi, wato fetur. Isansi yana ƙonewa da kyau ne in ya samu iska kilo 14.7 ga kowane kilo ɗaya na mai. Karbureta irin ta 504 ko ta injin Toyota 22R ko ta tsofaffin Starlet ba ta da ido, yadda aka saita ta haka za ta yi ta zubawa, da sanyin asuba da zafin azahar. Mota mai injekshan kuwa tana da na'ura a bakin salansa da ke shinshinar hayaƙi ta gaya wa kwamfuta a rage ko a ƙara, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Abin da ya sa dattawa ke tuna tsofaffin motoci da rainon mai shi ne motocin ba su da nauyi, ba na'urar sanyaya ciki, ƙarfinsu kaɗan ne ba su ba ka damar gudun da zai cinye mai, sannan man kansa yana da araha a lokacin, ba mai ƙirga shi. Yau kuwa kowa ya san tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kwalbar ƴan ruwa-ruwa ta daina zama mafakar talaka, kuma ba mu manta da layukan da aka yi a gidajen mai a watan Maris na 2025 ba.

Mu yi lissafi da hanyarka. Damagaram zuwa Tanut wajen kilomita 150 ne. In kana zuwa ka dawo sau uku a mako, ka ce aƙalla kilomita 40,000 a shekara. Bambancin lita 2 a kowane kilomita 100 ya zama lita 800. A farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, sefa 618 litar gazuwal, kuɗin ya kama sefa 494,400, kusan jika ɗari biyar ke nan a shekara. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, kuma ba zan ɓoye maka shi ba don ina son tsofaffin injuna.

To amma kafin ka ruga ka biya kuɗin D-4D, je ka wurin masu sayar da piyesi ka tambayi kuɗin injekta huɗu na asali da famfonta, ka ajiye kusa da wancan lissafin. Matsin nan da ya ba ta tattalin mai shi ne kuma rauninta. Ramukan injektarta sirara ne ƙwarai, ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ci su, ruwa cokali kaɗan a cikin mai ya isa ya sa musu tsatsa. Man da ke fitowa daga matatar SORAZ, wadda kake wucewa a hanyarka wajen kilomita 50 daga gari, ba shi ne abin tsoro ba. Tun da aka buɗe ta a ƙarshen 2011 mun samu sauƙi ƙwarai. Abin tsoron shi ne abin da ke samun mai bayan ya bar tanki: tano mai tsatsa da ya kwana a rana da raɓa, bido da aka ɗebi ruwa da shi jiya, mazurari da tsumman da iskar hunturu ta cika da rairayi. Kai kuma da ke zarcewa Agadas, dole wata rana ka sha irin wannan man, don ba kowane ƙauye ke da gidan mai ba. Ranar da injektar D-4D ta fara yoyo maimakon feshi, tana iya huda fistan. Ranar da wata ƴar na'ura ta ɗauke, motar za ta tsaya cik a tsakanin Tanut da Adarbisanat, kuma sai mai kwamfutar bincike ya zo. 3L kuwa waya ɗaya tak take buƙata a jikin famfo, wadda ke buɗe hanyar mai. In batir ya yi rauni a tura ta ta tashi. In ta shaƙi iska ka sassauta bututun injekta ka fitar. Duk wani makaniken da ke bakin hanya daga nan har Difa ya san cikinta kamar yadda ya san ɗakinsa. Wannan shi ne rabin maganar dattawa da ke gaskiya, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ga ra'ayina ƙarara. Da a ce aikinka kwalta ce zalla, Damagaram zuwa Maraɗi zuwa Yamai, kana shan mai a gidan mai kullum, kana da makaniken da ya iya D-4D da gaske, da na ce ka ɗauke ta. Amma ga mai hanyar arewa, wanda motar ita ce duka jarinsa, ni tsohuwar zan ba ka, ko 3L ko ƙanwarta 5L mai lita 3.0 in ka samu. Mota ta kwana uku a daji da kayan mutane, asarar ta fi ta gazuwal ciwo, ga sunanka da zai ɓaci a tasha.

Sai dai akwai abin da ya fi damuna, kuma shi nake so ka riƙe. Tazarar da ke tsakanin tsohon inji mai lafiya da tsohon inji da aka wulaƙanta ta fi tazarar da ke tsakanin tsoho da sabo nisa. Yawancin man da tsofaffin motocin garin nan ke sha, mu ne muka ɗora musu shi da hannunmu.

A hunturun da ya wuce an kawo mini wata Hiace mai 3L daga hanyar Magarya. Mai ita ya ce tana shan wajen lita 16, tana baƙin hayaƙi, ya yanke shawarar sauke inji ya sa okaziyo. Na ce ya dakata. Na buɗe gidan filtar iska, na tarar an yi ta busa filtar da iskar kwamfaresa har takardarta ta tsage a wuri biyu. Na zura yatsa cikin bututun da ke bayanta, ya fito ja wur da ƙura mai laushi kamar garin lalle. Na duba famfo, an yanke hatimin da kamfani ya sa a kan sukurun mai, an murɗa shi ciki don wai ta ƙara ƙarfi. Na kwance gidan tamosta, babu kowa a ciki. Da muka ɗora injektocin a kan na'urar gwaji, biyu suna feshi, biyu suna ɗiga kamar bakin buta. Muka sa filta sabuwa, muka sauya bakin injekta huɗu, muka mayar da famfo ma'auninsa, muka daidaita supap, muka sa tamosta. Bayan mako biyu ya dawo da takardar lissafinsa, ta sauko 12. Ba ta kai 11 ba domin ƙurar ta riga ta ci sagima, wato ringin fistan, kuma wannan ba ya dawowa sai an buɗe inji.

Maganar tamosta ɗin nan, wadda wasu ke ce wa kalosta, ita ce muka fi sani a kai kuma muka fi kuskure. Da zarar mota ta sauka daga jirgin ruwa ta iso, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire ta a jefar, a ce ta ƙasar sanyi ce, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ni ma haka aka koya mini, na yi shekaru ina yi kafin na gane. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafin da ya kai digiri 80 zuwa 90. Tamosta ƙofa ce da ke tsare ruwa a cikin inji har ya kai wannan zafin, sannan ta buɗe masa hanyar radiyato, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa lagireto. In babu ita, da asubar Janairu da sanyi ke sa mutane hura wuta a bakin tasha, sai ka yi tafiya mai nisa inji bai ɗumama ba. Man da bai ƙone ba yana wanke man shafawa daga bangon silinda, ya gangara ya tsinka man inji, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. A mota mai injekshan kuwa kwamfuta na ganin inji da sanyi, sai ta yi ta ƙara mai kamar an bar shok a ja. Abin da mutane ba su sani ba kuma, a injuna da yawa tamosta in ta buɗe tana toshe wata gajeriyar hanya ta ciki. In ka cire ta, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanyar bai je radiyato ba, motar da aka cire wa tamosta don kada ta yi zafi ta zo tana tafasa a watan Afrilu. Motar da ke zafi tana da dalilinta, ruwa ba ya tsami banza. Ko radiyato ya toshe da gishirin ruwan rijiya, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta gaji, ko juwan kulas, wato gasket ɗin da ke tsakanin kulas da jikin inji, ya fara tafiya. Murfin nan da ake rainawa, matsinsa na bar 0.9 shi ke hana ruwa tafasa sai ya kusa digiri 120. Kulas ɗin dangin L kuwa, wato su 2L da 3L da 5L, ba ya yafe zafi, tafasa ɗaya mai kyau ta isa ta tsaga shi.

Iska ma haka. Kowace litar isansi sai ta haɗiyi iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone, injin gazuwal ma ya fi haka zuƙa. Ka duba sararin Damagaram ranar da hazo ya sauka har ba ka hango duwatsun Birni, ka tuna wannan iskar ce injinka ke sha. Filta in ta toshe mota ta shaƙe ta yi baƙin hayaƙi, in ta huje kuma rairayi ya shiga ya zama takardar goge ƙarfe. Ka riƙa fitar da ita kana bubbugawa a hankali a tafin hannu, in za ka busa to daga ciki zuwa waje da iska marar ƙarfi, ka ɗaga ta a rana ka duba ko haske na ratsawa ta wani rami. In ta gaji ka saya sabuwa ta kirki. Baƙin hayaƙin da wasu direbobi ke alfahari da shi a hawa, gazuwal ne da aka biya kuɗinsa yake fita bai yi aiki ba, kuma yaran da ke talla a bakin hanya su ke shaƙarsa.

Kada ka yarda kowa ya zuba maka kananzir a tanki don a rage kuɗi. Famfon 3L da na 1HZ irin mai juyawa ne, gazuwal ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa, kananzir kuwa ba shi da santsi. A nan ne tsofaffin Marsandi suka yi zarra. Famfonsu na jere ne, kowace silinda da nata ɗan fistan, kuma mai na daban ke shafa ƙasansa. Shi ya sa kamiyo irin su 911 da 1113 masu injin OM352, wanda aka fara ƙerawa tun 1964, har yau suke ɗaukar gero da dabbobi a hanyoyin da ba kwalta, suna shan man da zai kashe sabuwar mota a kwana ɗaya. Su ma ba don ba sa shan mai ake riƙe da su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai kamiyo ya san abin da ya saya, ya zaɓi wadda za ta kai shi ta dawo da shi. Abin da ke ba ni takaici da su shi ne barin inji yana aiki dare guda a tasha don tsoron kada ya ƙi tashi da safe. Babban inji a tsaye yana cin lita biyu zuwa uku a awa. Kuɗin man makonni kaɗan ya isa sayen batir da gyaran dimare, wato na'urar tayar da inji.

A ƙarƙashin filtar gazuwal ta Hilux akwai ɗan kofi da ke tara ruwa, da famfon hannu a samanta. Ka riƙa sassauta shi kana zubar da ruwan, musamman da damina da kuma duk ranar da ka sha man bido. Bidanji kuma, wato sauya man inji, kowane kilomita 5,000 a irin ƙurarmu, da 15W-40 na galan mai hatimi, tare da filtarsa. Mai kaurin da ake zubawa don a ɓoye hayaƙi da ƙara ba ya warkar da komai, da sanyin safe ma ya kan makara kafin ya hau sama.

Akwai abu guda da tsohon injin Toyota ba ya haƙuri da shi ko kaɗan, bel ɗin taimin, wanda muke ce wa kuruwa. Na roba ne, wa'adinsa kilomita 100,000, kuma akwai fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT da ke kamawa in lokaci ya yi. Na sha ganin an cire ƙwan fitilar an ci gaba da tafiya. In ya tsinke inji na gudu, fistan zai haɗu da supap, aikin rabin yini ya koma sauke kulas. Ranar da ka sayi motar, ko mai ita ya rantse maka jiya ya sauya, ka sauya shi da abin ɗaure shi, ka rubuta kilomitar da fenti a jikin murfin. Ka kula da jabu a nan fiye da ko'ina. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta tsaya, kaya na zagayowa ta Lome ko su shigo ta Kano, kuɗi ya hau, kwali mai kyau da kaya marar kyau ya yi yawa a kasuwa. Ka saya wurin wanda zai karɓa in ka mayar.

Sauran ya rage ga ƙafarka da lodinka. Iskar da ke tokare mota tana ninkuwa huɗu in gudu ya ninka biyu, don haka tsohuwar Hilux mai doki wajen 90 da aka yi wa tulin kaya sama da kai, bambancin 80 da 110 a wurinta lita ne masu yawa. Tayar da ka sassauta wa iska don rairayi, ka mayar mata in ka hau kwalta. Kuma ka daina auna mai da "na zuba na jika goma ya kai ni". Cika tanki har baki, rubuta kilomita, yi tafiyarka, sake cikawa a famfo ɗaya, ka ninka litar da ɗari ka raba da kilomitar da ka yi. Ka ajiye ɗan littafi a mota. Ranar da lissafin ya tashi da lita ɗaya ba dalili, injin ne ke gaya maka wani abu tun kafin ya kwantar da kai.

In za ka je ganin tsohuwar, kada ka yarda da alƙawarin la'asar. Je ka da sassafe bayan sallar asuba, ka ɗora tafin hannu a kan inji ka tabbata ya kwana da sanyi, don mai sayarwa ya kan ɗumama ta kafin mai saye ya iso. Ka kunna makulli ka jira fitilar bujin zafi ta mutu, ka tayar. Mai lafiya bugu ɗaya ko biyu take tashi, ta ɗan yi farin hayaƙi ya wuce. In sai an fesa mata maganin sauro ko isansi a bututun iska, matsinta ya tafi, ka bar ta. Tana aiki a tsaye, ka buɗe murfin zuba man inji ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ka murɗa ba. In ya zauna yana ɗan rawa, da sauranta. In hayaƙi na tunkuɗo shi yana faɗuwa, sagima sun gama. Tun inji na da sanyi ka buɗe radiyato ka leƙa, kumfa mai tasowa ba tsayawa ko maiƙo a saman ruwa alamar kulas ce ko juwansa. Shuɗin hayaƙi man inji take ci. Ka zaro sandar awo ka murza man a yatsu ka sansana. Sannan ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka bi shasi tun daga gaba har baya, musamman wajen maƙalan sifirin, domin motocin hanyar arewa da yawa injinsu na da rai amma ƙashin bayansu ya sha walda sau uku, kuma lafiyar inji ba ta tsayar da mota in birki ya ƙi. In ta tsallake waɗannan, ka kawo ta gareji a sa mata agogon awon matsi a silinda huɗun kafin ka miƙa ko dala ɗaya, ka ce wa mai ita kai za ka biya kuɗin awon.